Darasin Alain Aspect Ga Makarantun Birnin Kudu Da Gwaram

A ranar 4 ga watan Oktoba na shekarar 2022 aka ba da sanarwa daga ƙasar Suwidin cewa mutum uku ne suka ci lambar yabo ta Nobel a fannin fiziks, watau ilmin da ke binciken yadda haske da zafi da lantarki da motsin abubuwa suke gudana. Mutanen kuwa su ne John Clauser na Amurka, da Anton Zeilinger na Ostiriya, da Alain Aspect na Faransa. Labarin bai daɗe a bakin jama'ar ƙasar nan ba, domin ana ganin sha'ani ne na Turawa da manyan injunansu. Amma akwai dalilin da ya sa ya kamata ma'aikatan ilmi na Jihar Jigawa da ɗaliban Birnin Kudu da Gwaram su tsaya su dubi tarihin na ukun nan. Shekara 51 kafin a ba shi lambar, Alain Aspect malamin makaranta ne a Yawunde ta Kamaru, maƙwabciyar Nijeriya, yana koyar da masu shirin zama malamai, kuma a can ne ya zauna ya ƙware a ilmin da ya ɗaukaka shi.

Abin da tarihinsa ke nunawa shi ne, mai binciken tushen ilmi yana bukatar abu uku kafin ya bukaci gini mai hawa goma: malamin sakandare wanda ke gwada abu a gaban yara, da littafi mai kyau, da tabbataccen aiki wanda zai ba shi damar ɓata shekaru a kan tambayar da mutane ke ganin ba ta da amfani. Dukkan ukun nan ba su fi ƙarfin gwamnatin jiha ba.

An haifi Aspect a garin Agen da ke kudu maso yammacin Faransa a shekarar 1947, iyayensa kuwa malaman makaranta ne. Ya sha faɗin cewa malaminsa na fiziks a sakandare ne ya sa masa son wannan fanni. Daga nan ya shiga babbar kwalejin horon malamai ta Cachan, kusa da birnin Faris, ya kuma yi karatu a jami'ar Orsay. A 1971 lokacin bautar ƙasa ya zo masa, sai aka tura shi koyarwa Kamaru a maimakon aikin soja, ya zauna can har 1974. A cikin wannan zama ne wani sabon littafi ya shigo hannunsa, wanda Claude Cohen-Tannoudji da Bernard Diu da Franck Laloë suka rubuta aka buga a 1973, a kan ilmin kwantam. Ya bi littafin daki-daki shi kaɗai, babu farfesa a kusa da zai tambaya.

Shi ilmin kwantam, ilmi ne na halayen abubuwan da suka fi ƙanƙanta a duniya, kamar ƙwayar zarra da ƙwayar haske. An kafa ginshiƙansa a wajen 1925, kuma tun daga lokacin babu wani gwaji da ya ƙaryata lissafinsa. Amma tun farko manyan masana sun yi saɓani a kan ma'anarsa. Lissafin yana faɗin yiwuwar abin da za a gani idan an auna ƙwaya, bai kuwa faɗin halin da take ciki kafin a auna ta. Albert Einstein bai gamsu da haka ba. A 1935 shi da Boris Podolsky da Nathan Rosen suka buga wata maƙala suna nuna cewa ana iya samun ƙwayoyi biyu sarƙaƙƙu, waɗanda suka fito daga tushe ɗaya, ta yadda idan an auna ɗaya nan take za a san sakamakon ɗayar, kome nisan da ke tsakaninsu. A ganin Einstein, wannan na nuna cewa tun daga gida ƙwayoyin suka fito da amsarsu, lissafin ne kawai bai cika ba. Misalinsa kamar a tsaga goro biyu ne, a ƙunshe ɓari ɗaya a aika Gwaram, ɗayan a bar shi Birnin Kudu. Wanda ya kwance ƙunshi a Gwaram ya ga fari, ya san na Birnin Kudu ma fari ne, ba kuwa wani abin mamaki a ciki, don tun asali goron fari ne. Niels Bohr na Danmak ya ƙi yarda da wannan fassara, aka yi ta gardama, har manyan biyu suka rasu ba a raba ta ba. Yawancin masana suka ɗauki zancen a matsayin hirar falsafa, suka ci gaba da aikinsu.

Mutumin da ya mai da gardamar ta zama abin da za a iya aunawa shi ne John Bell, ɗan talakawa daga birnin Belfast na Ailan ta Arewa. Bell ya fara shiga jami'a ne a matsayin mai kula da kayan ɗakin gwaje-gwaje, kafin ya samu halin zama ɗalibi. Daga 1960 ya yi aiki a cibiyar binciken nukiliya ta ƙasashen Turai, CERN, a Janeba, inda aikin da ake biyansa dominsa daban ne, binciken tushen kwantam kuwa a lokacin hutunsa yake yi. A 1964 ya buga wata gajeriyar maƙala a wata ƙaramar mujalla wadda ba ta ma yi tsawon rai ba.

Ana iya fahimtar hujjar Bell da misalin shaidu biyu a gaban alƙali. A ce an raba su, kowa a ɗakinsa, ba mai jin ɗan'uwansa. Kowanne za a yi masa ɗaya daga cikin tambayoyi biyu, ta farko ko ta biyu, bisa ƙuri'a, amsarsa kuwa i ce ko a'a. Sharaɗin cin nasara shi ne amsoshinsu su zo ɗaya, sai fa idan dukkansu aka yi musu tambaya ta biyu, to a nan dole amsoshin su saɓa. Hanyoyin da tambayoyin za su iya faɗowa huɗu ne. Idan shaidun sun haɗa baki tun daga gida, duk yadda suka shirya amsoshinsu ba za su cika sharaɗi a fiye da uku daga cikin huɗun ba, domin daidaita ukun farko yana tilasta duk amsoshin su zama iri ɗaya, na huɗun kuwa yana bukatar saɓani. Ke nan in an maimaita shari'ar sau da yawa, ba za su wuce cin 75 cikin 100 ba. Lissafin kwantam kuwa ya ce ƙwayoyin haske biyu sarƙaƙƙu, idan aka yi musu irin wannan tambaya da na'urar awo, za su iya kai wa kusan 85 cikin 100. To, ga bambanci da lamba. Idan Einstein ne da gaskiya, iyakar Bell za ta tsaya. Idan lissafin kwantam ne da gaskiya, za a tsallake ta.

Clauser ne ya fara gwada abin, shi da Stuart Freedman, a jami'ar Berkeley ta Kalifoniya a 1972, bayan manyansa sun gargaɗe shi cewa zai ɓata sunansa a banza. Sakamakon ya goyi bayan kwantam. Amma akwai sauran ƙofa a buɗe, domin an saita na'urorin awo tun kafin ƙwayoyin su tashi, kamar a ce shaidu sun san tambayar da za a yi musu tun suna gida. Da Aspect ya koma Faransa a 1974 ya karanta maƙalar Bell, sai ya ƙudura niyyar rufe wannan ƙofa, ta hanyar sauya tambayar bayan ƙwayoyin sun riga sun kama hanya. A 1975 ya tafi Janeba ya bayyana wa Bell shirinsa. Abin da Bell ya fara tambayarsa shi ne, ko yana da tabbataccen aiki. Dalilin tambayar a fili yake: a wancan zamani saurayin da ya tsunduma cikin irin wannan bincike yana iya rasa mai ɗaukarsa aiki har abada. Aspect kuwa yana da ƙaramin muƙamin koyarwa na dindindin a Cachan, wanda ba mai iya raba shi da shi don ya zaɓi tambayar da ba a yayi.

A wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa na Cibiyar Nazarin Haske da ke Orsay aka yi aikin. Shekaru ya ɗauka yana haɗa na'urar da ke haska ƙwayoyin zarra na sinadarin kalsiyam da hasken leza, don su riƙa fitar da ƙwayoyin haske bibbiyu. Injiniyoyi biyu, Gérard Roger da André Villing, su ne suka tsaya masa wajen ƙera kaya da haɗa wayoyi, sa'an nan ɗalibai biyu, Philippe Grangier da Jean Dalibard, suka shigo. A 1981 da 1982 suka buga sakamakon gwaji uku. A ɗaya daga ciki, bisa ma'aunin da masana ke amfani da shi, iyakar Bell 2 ce, lissafin kwantam ya ce na'urarsu za ta ba da 2.70, su kuwa suka sami 2.697. A gwaji na ƙarshe na'urorin awo biyu suna da tazarar kamar mita 12, wadda haske ke ƙetarawa a cikin kashi 40 na biliyan ɗaya na daƙiƙa, su kuma suna sauya tambayar a kowane kashi 10. Ko da wani saƙo zai tashi daga wannan gefe da saurin haske, watau kilomita 300,000 a daƙiƙa, ba zai isa wancan gefe a kan lokaci ba. Duk da haka aka tsallake iyakar Bell.

Ma'anar wannan ita ce misalin goro bai isa ya bayyana halin ƙwayoyin ba. Ba su fito gida da amsa a aljihu ba, kuma dole a ɗauki biyun a matsayin abu ɗaya ko da sun yi nisa da juna. Ya kamata ɗalibi ya kiyaye da cewa wannan ba ya ba kowa ikon aika saƙo da ya fi haske sauri, domin mai awo a gefe ɗaya jerin amsoshi barkatai kawai yake gani, sai an kawo na ɗaya gefen an jera su tare sa'an nan dangantakar take bayyana. Ƙungiyar Zeilinger ta maimaita gwajin a Innsbruck a 1998 da tazarar mita 400, a 2015 kuma ƙungiyoyi uku, a Delft ta Holan da Biyana ta Ostiriya da Boulder ta Amurka, suka rufe manyan ƙofofin da suka rage. Bell bai ga ƙarshen labarin ba, ya rasu a 1990 yana da shekara 62.

Akwai mai cewa, me ya haɗa manomin gero a Basirka ko mai sayar da dabba a kasuwar Sara da ƙwayar haske? Jihar da ke fama da ƙarancin likitoci da ambaliya da yaran da ba sa makaranta, ina ta ga kuɗin kashewa a kan gardamar Einstein da Bohr? Wannan tambaya ce ta mai hankali, kuma ma'aikacin da ya yi ta a teburin kasafi bai yi laifi ba. Gaskiya ne jiha ba za ta gina cibiya irin CERN ba, ba a kuma nemi ta gina ba. Amma a duba abin da ke hannun manomin nan. Wayar salularsa tana aiki ne da tiranzista, wadda aka ƙirƙiro a 1947 bisa ilmin kwantam. Farantin hasken rana da ke juya famfon rijiyar burtsatse a ƙauyensa ya dogara ne da yadda ƙwayar haske ke tayar da lantarki, abin da Einstein ya fara ba da bayanin irinsa a 1905. Hasken leza na 1960, da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu a manyan asibitoci, duk daga wannan rijiya aka ɗebo su. Waɗanda suka haƙa ta ba su san wanda zai sha ba.

Binciken Bell da Aspect ma ya soma ba da 'ya'ya. A 1991 Artur Ekert ya nuna cewa ana iya amfani da ƙwayoyi sarƙaƙƙu a kulle saƙon sirri ta yadda duk mai satar saurare zai tona kansa. A 2016 ƙasar Sin ta harba tauraron ɗan Adam mai suna Micius, wanda a 2017 ya raba ƙwayoyin haske sarƙaƙƙu ga tashoshi biyu masu tazarar kimanin kilomita 1,200. Manyan ƙasashe da kamfanoni suna rige-rigen ƙera kwamfutar kwantam, wadda in ta kammala za ta iya karya irin makullan da bankuna ke tsare kuɗin jama'a da su a yau. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 a matsayin shekarar kimiyya da fasahar kwantam, ƙasar Gana ce kuma ta gabatar da ƙudurin. Ƙasar da ba ta da ko mutum goma da suka fahimci wannan ilmi tun daga tushe, sai dai ta sayi abin da aka tallata mata ido rufe, ba ta da mai gaya mata ko na kirki ne ko jabu.

Ba baƙon abu ba ne a wannan yanki a zuba jari a kan ilmin da ribarsa ke nesa. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ta yaye mutanen da suka riƙe manyan muƙamai da masana'antu, cikinsu har da Alhaji Aliko Ɗangote. A 1977, lokacin da Birnin Kudu da Gwaram suke cikin tsohuwar Jihar Kano, gwamnati ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, daga baya aka buɗe ta 'yan mata a Taura. An yi ta sukar shirin da cewa fifita tsiraru ne, amma likitoci da injiniyoyi masu yawa da ke aiki a Kano da Jigawa daga nan suka fito. Bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, an samu Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, da jami'ar jiha ta Kafin Hausa a 2013, wadda ake kira Jami'ar Sule Lamiɗo. Gine-gine sun samu. Abin da ya rage shi ne abubuwan nan uku da tarihin Aspect ya nuna.

Na farko shi ne ɗakin gwaje-gwaje mai rai. A makarantu da yawa na karkara yaro yana gama sakandare bai taɓa riƙe madubin tara haske ko ya haɗa batir da waya da hannunsa ba, sai ana saura kwanaki kaɗan jarrabawa a fito da kaya daga kwali. Kayan koyar da haske da sauti da lantarki ba su da tsadar mota ɗaya ta babban jami'i. Abin da ya fi kayan muhimmanci shi ne mai kula da su. Ya kamata Ma'aikatar Ilmi ta ɗauki masu kula da ɗakin gwaje-gwaje a matsayin ma'aikata masu matakin ƙarin girma na kansu, a tuna cewa Bell daga wannan kujera ya fara, kuma ba don Roger da Villing ba da Aspect bai auna kome ba. Malamin Birnin Kudu ma yana da abin koyarwa a bayan gari: duwatsun nan masu amo kamar ƙararrawa, kusa da zane-zanen mutanen da na Dutsen Mesa da Dutsen Habude, waɗanda Bernard Fagg ya rubuta bayaninsu a shekarun 1950. Dalilin da ya sa wani dutse ke amsawa wani kuma ba ya amsawa darasi ne cikakke a kan sauti, ba a kuwa bukatar sisin kwabo a kai yara su ji.

Na biyu shi ne littafi, da mutunta wanda aka tura karkara. An kafa hukumar yi wa ƙasa hidima ta Nijeriya a 1973, daidai lokacin da Aspect ke tasa hidimar a Kamaru. Sau da yawa saurayin da ya karanta fiziks, da ya ga an tura shi ƙauye, sai ya shiga neman hanyar a mai da shi birni, domin an saba ɗaukar aikin karkara tamkar horo. Idan ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram suka tanadar wa irin wannan malami ɗaki mai wuta, da alawus da ke zuwa a kan kari, da ɗakin karatu mai sababbin littattafai da intanet, shekararsa za ta amfani yara, ta kuma amfane shi. Haka kuma a daina ɗauke ƙwararren malamin kimiyya daga aji a kai shi ofis yana tura fayil, da sunan an yi masa ƙarin girma. A biya shi albashin matakin da ya kai yana riƙe da allinsa.

Na uku shi ne haƙuri da mai bincike. Tsarin ƙarin girma a jami'o'i yana ƙidaya yawan maƙalu ne, wannan kuwa yana sa malami ya zaɓi ƙananan tambayoyi masu saurin amsa. Aspect ya yi kamar shekara shida kafin babban sakamakonsa na farko ya fito. Zai kyautu jami'o'in jihar biyu su ware guraben dindindin kaɗan, ko da biyu ko uku ne, ga matasa masu nazarin tushen fiziks da lissafi, a rage musu nauyin aji, a auna aikinsu bayan shekara biyar. Mai irin wannan nazari alli da takarda da kwamfuta sun ishe shi, sai kuma kuɗin tafiya ya gana da takwarorinsa. Hanyar ma a share take. Abdus Salam, ɗan Pakistan wanda ya ci lambar Nobel a 1979, ya kafa cibiyar nazarin fiziks a Trieste ta Italiya a 1964 musamman don masanan ƙasashe masu tasowa su riƙa zuwa na 'yan watanni suna komawa gida, don kada kaɗaici ya kore su daga ƙasashensu kamar yadda ya kore shi. A gida kuma akwai asusun TETFund, da Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka a Abuja.

Babu mai iya yin alkawarin cewa waɗannan matakai za su kawo lambar Nobel Jigawa, ba a kuma shuka rimi don a sha inuwarsa a bana. Tsakanin gwajin Orsay da lambar yabo shekara 40 ce, tsakanin maƙalar Bell da ita kuwa 58. Abin da ke tabbas shi ne, jihar da ta yi haka za ta samu malaman kimiyya da suka san abin da suke koyarwa, da injiniyoyi masu gyara da fahimta, da 'yan ƙasa da za su zauna a teburin sayen fasaha su yi tambayar da ta dace. Ɗalibin da ke Birnin Kudu ko Gwaram kuwa, wanda lissafi ke ba shi sha'awa amma ake ce masa ba shi da kasuwa, sai ya riƙe littafinsa da kyau, ya warware kowace matsala da ke ƙarshen babi, ya nace a buɗe masa ɗakin gwaje-gwaje. Sauran aikin yana wuyan masu riƙe da kasafin kuɗi da takardun canjin wurin aiki a Dutse.